Wa ke tashin faifan nan daga barci?

(Ɗakin ɗalibi a Samaru, an ɗauke wuta, kwamfuta na kan inbata)

Ku kasa kunne. Kun ji wannan ƙugin? Faifan ajiya na kwamfuta, wato hard disk, ne ya sake farkawa, alhali ba wanda ya taɓa komai. Tun makon jiya masu Linux ke turo min wannan tambaya, daga Samaru har Kongo, duk masu lallaɓa batir ne.

Sa shi barci, wato ya daina juyawa in ba a amfani da shi, ba wuya: buga umarnin hdparm -S 240, sai sunan faifan. Lambar ana ninka ta da daƙiƙa 5, wato minti 20 ke nan.

(Allo ya matso kusa)

To, ga inda ake yin tuntuɓe. Ka kwantar da faifai, hankalinka ya ƙi kwanciya, sai ka buga smartctl -a, umarnin duba lafiyar faifai, don ka duba. Malam, ai kai ka tashe shi! Kamar uwar da ta girgiza jariri wai tana son ta ga ko ya yi barci. In leƙe kawai kake so, hdparm -C ne, shi ba ya tashin kowa.

Kuma ba kai kaɗai ke wannan girgizar ba. smartd, wani shiri mai aiki a bayan fage, na zagayowa duk minti 30 yana duba lafiyar faifai. Buɗe fayil ɗin saitunansa, smartd.conf, ƙara -n standby (standby shi ne barcin), in ya tarar ana barci sai ya wuce abinsa.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne udisks2, shirin da ke kula da faifai a bayan fage. Shi yana da kunya, ba ya tashin mai barci. Amma duk minti 10 yake leƙowa, kuma a wasu faifan wannan leƙen na mayar da ƙirgen lokacin barci farko. Kai ka sa minti 20, shi yana zuwa a na 10. Yaushe za a kai? Sai ka rage: -S 60, minti 5.

(Saitunan Baloo da Tracker, a gurguje)

Waɗannan masu jera sunayen fayil ne, cire faifan daga lissafinsu. In har yanzu ana tashinsa, umarnin fatrace, mai nuna wanda ke buɗe fayil, zai tona asirin mai taɓawa.

Ni dai faifan da nake shiga kowane lokaci ba na sa shi barci, yawan tashi da kwanciya ma gajiyar da shi yake yi.

(Agogo, sannan allo)

Minti 5 sun cika. Ga shi nan, standby. Don Allah kada wanda ya buɗe fayil.