Daga juji zuwa gida: lacca kan riƙon karnuka da maguna da aka tsinto

Assalamu alaikum. Malamai, iyaye da ƴan uwa, batun da aka ba ni yau shi ne karnuka da maguna da ake tsintowa a titi a kai su gida, kuma abin da nake so mu tsaya a kansa shi ne zaman da dabbar za ta yi a gidan har ƙarshen rayuwarta, domin ɗaukowa ba ta da wuya.

A Ingila wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan karɓar karnukan da suka ɓata a birnin Landan a 1860, wanda aka mayar da shi unguwar Battersea a 1871, ya kuma fara karɓar maguna a 1883. Irin waɗannan gidaje ba sa miƙa dabba sai sun yi wa mai nema tambayoyi game da wurin zamansa da halin iyalinsa. A nan Damagaram aikin ya fi bi ta hannun maƙwabta da yara, kuma tambayar ce ake tsallakewa. Yaro zai tsinci ɗan kwikwiyo a bakin juji a Birni ko Zango, ya rungumo shi da murna, maigida ya ce ba a gidansa ba, washegari a ɗaure shi a waje da guntuwar igiya cikin zafin Afrilu, ba inuwa, ba kaskon ruwa, daga nan a sake shi. Dabbar da aka fara sabawa da hannun mutum sannan aka yasar ta fi wadda ta tashi a titi shan wahala, tun da ba ta iya neman abinci ba.

Hadisi ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Malamai sun yarda da riƙon kare don farauta, da gadin gona da garke. Saboda haka gidan da ya dace da kare sau da yawa na mai lambu ne ko makiyayi, kyanwa kuwa ta mai rumbu ce ko mai shagon hatsi da ɓeraye suka dama.

Sai maganar da ta fi nauyi, wato ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15, su ne kuwa masu tsinto ƴan kwikwiyon nan. Idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar takan daina yaɗuwa a cikinsu. Don haka duk wanda ya karɓi kare ko kyanwa, ya fara kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa rigakafi, ya kuma yi shawarar fiɗiya, domin kyanwa wata biyu da ƴan kwanaki take ɗaukar ciki, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Idan kuwa dabbar ta ciji wani ko ta yagushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a jira a ga alama, domin da zarar alama ta bayyana magani ya ƙare.