Monika a bakin teku: yadda za mu yi wa namu addu'a

Wannan lacca ce da wani fasto mai ritaya ya gabatar a taron shekara na Zumuntar Mata. An rubuto ta daga faifan murya, an cire waƙoƙi da sanarwa.

Salama a gare ku. Na baya, kuna jina? To, madalla.

Mama shugaba, iyayena mata, ƙannena da 'ya'yana, na gode da wannan kira. An ce in yi magana a kan addu'a domin dangi da abokai waɗanda ba su ba da gaskiya ga Yesu Almasihu ba tukuna. Da wasiƙar ta iso, na ce wa mai ɗakina, matan nan sun san inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ba zan ce a ɗaga hannu ba, don na san amsar. Da wuya ka shiga gidan Kirista a ƙasar nan ka tarar kowa hanya ɗaya ya bi. Wata kawunta liman ne. Wata har gobe kakarta ba ta wasa da ranar zuba wa iskoki jini. Wata mijinta zai kawo ta ƙofar coci a babur, ya juya. Wata kuwa ɗanta ne, wanda ya haddace ayoyi a makarantar Lahadi, ya tafi jami'a ya dawo yana cewa duk tatsuniya ce.

Kafin kowa ta zargi kanta, ku buɗe Yahaya 7:5. An ce ko 'yan'uwan Yesu ba su gaskata da shi ba. A Markus 3:21 danginsa fitowa suka yi su kama shi, suna cewa ya zautu. Mutanen da suka ci tuwo akushi ɗaya da Ubangiji ke nan. Idan shi an yi masa haka a gida, ke wace ce da za ki ce lalle laifinki ne? Sai ka zo Ayyukan Manzanni 1:14 ka tarar da 'yan'uwan nan a ɗakin bene suna addu'a tare da almajirai, Yakubu ma daga baya shi ne babba a ikkilisiyar Urushalima. Amma ba su zan tsaya a kai yau ba. Labarin wata mata zan ba ku, 'yar nahiyarmu.

Sunanta Monika. An haife ta wajen shekara ta 331 a garin Tagaste, inda yau ake kira Suk Ahras a ƙasar Aljeriya. Kirista ce tun daga gida, amma aka aurar da ita ga wani mai suna Patirisiyus, wanda ba Kirista ba ne, ga zafin rai, ga neman mata. Ɗanta ne ya ba da labarinta, ya ce idan uban ya hau faɗa, ba ta tanka masa. Sai ya huce ta same shi ta faɗi nata. Uwar mijin ma da farko barori sun zuga ta a kan Monika, amma a hankali ta shawo kanta. Mijin nata bai karɓi baftisma ba sai dab da mutuwarsa, wajen 371. Ku lissafa da kanku shekara nawa ta yi tana jira.

Bari in ratse kaɗan, don kada a fita a ce Fasto ya ce a zauna a sha duka. Ban faɗa ba. Abin da Bitrus ya rubuta a wasiƙarsa ta fari, sura 3, cewa halin mace yana iya jawo miji ko ba magana, ba lasisin mari ba ne. Wadda ake duka ta je wurin dattawa, ta je wurin iyayenta.

To, ɗan nata shi ne Agustin, an haife shi a 354. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, irin wanda malami ke jin tsoron tambayarsa. Aka tura shi karatu Kartaj, kusa da birnin Tunis na yanzu. Can ya ajiye mace ba aure, ta haifa masa ɗa. Can kuma, yana da shekara 19, ya faɗa hannun mabiya Mani, wani addini da ya fito daga Farisa, masu cewa haske da duhu iko biyu ne da ke kokawa tun fil azal, suna yi wa Tsohon Alkawari ba'a. Ya dawo gida da bakinsa kamar reza.

Me Monika ta fara yi? Abin da yawancinmu za mu yi. Ta hana shi gidanta, ta ce ba za ta ci abinci tare da shi ba. Sai ta yi mafarki tana tsaye a kan wani katako na awo tana kuka, wani saurayi mai haske ya ce mata ta duba, inda take nan ɗanta yake. Ta waiga ta gan shi a gefenta. Da ta gaya masa, ɗan duniya sai ya ce, ai fassarar ita ce ke za ki dawo addinina. Nan take ta ce, a'a, ba a ce inda yake nan za ki kasance ba, cewa aka yi inda kike nan zai kasance. Daga ranar ta buɗe masa ƙofa, suka koma cin abinci tare. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa. Yaron bai canja ko ƙwayar zarra ba a lokacin. Ita ce ta canja.

Ta je wurin wani bishof ta roƙe shi ya zauna da yaron ya ƙure shi. Shi bishof ɗin yana yaro uwarsa ta ba da shi ga mutanen Mani, har littattafansu ya kwafa da hannunsa, kuma da kansa ya gane ya fita. Ya ƙi. Ya ce yaron nan yanzu sabon abu na ɗibarsa, ba zai ji ba. Ki ƙyale shi, ki yi ta yi masa addu'a, karatunsa zai nuna masa. Ta nace, tana kuka, har ran dattijon ya fara ɓaci, ya ce mata ta tafi, ba shi yiwuwa ɗan waɗannan hawaye ya hallaka. Ni dai da na karanta na yi dariya, domin na san irin ranar. Mutum ya gaji, yana so ya sallami baƙuwa ya ci abincinsa, Allah ya sa magana a bakinsa. Ita kuwa ta karɓe ta kamar daga sama aka faɗo da ita.

Yanzu ga inda nake so mu zauna. A shekara ta 383 Agustin ya ƙudura zai tafi Roma koyarwa. Monika ta bi shi har tashar jiragen ruwa ta Kartaj, ta riƙe shi: ko ya fasa, ko ya tafi da ita. Sai ya yi mata ƙarya. Ya ce wani aboki yake rakiya, suna jiran iska ta kaɗa. Ya lallashe ta ta kwana a wani ɗan ɗakin sujada da aka gina don tunawa da Kifriyanus, wani bishof na Kartaj da aka kashe saboda bangaskiya, nan kusa da jirgin. Ta shiga ta durƙusa. Me take roƙo? Ya Ubangiji, kada ka bar shi ya tafi. Tana ciki tana wannan roƙo, iska ta taso, aka ɗaga filafilai. Da gari ya waye ta fito bakin teku, babu jirgi, babu ɗa.

Iyayena mata, ku tsaya a wurin nan tare da ita. Gwauruwa, ta haura hamsin, ta kwana a kan gwiwa, kuma ainihin abin da ta ce kada ya faru shi ya faru, a daidai sa'ar da take roƙo. Wa zai ce mata an amsa? Amma jirgin nan ne ya kai shi Italiya. Shekara guda bayan haka ya sami aikin koyar da balaga a Milan, a can kuwa akwai bishof Ambros. Agustin ya riƙa zuwa sauraron wa'azinsa, ba don Allah ba, don ya auna iya maganarsa, kamar yadda maƙeri ke leƙa maƙerar wani. Garin sauraron zaƙin baki, ma'ana ta shige shi. Shi da kansa daga baya ya ce Allah ya ƙi abin da ta roƙa a daren nan domin ya ba ta abin da ta daɗe tana roƙo.

Sau nawa muke rubuta wa Allah taswira? Ka hana shi auren yarinyar nan. Ka sa a kore shi daga aikin nan ya dawo gida. Na taɓa jin wata, a taron addu'a, tana cewa Allah ya kwantar da mijinta ciwo don ya san akwai Allah. Subhana! Wannan ba roƙo ba ne, baki ne aka yi masa da sunan Yesu.

Sauran labarin gajere ne. Ta bi shi Milan. A 386, a cikin wani lambu, ya ji muryar yaro tana cewa ɗauka ka karanta. Ya buɗe wasiƙun Bulus, idonsa ya sauka a Romawa 13:13-14. Daren Ista na 387 Ambros ya yi masa baftisma tare da ɗansa. Shekara 14 ke nan da shigarsa wancan addini. Suna hanyar komawa Afirka zazzaɓi ya kama ta a Ostiya, tashar jiragen ruwa kusa da Roma, ta rasu a kwana na tara, tana da shekara 56. Ba ta ga ya zama bishof na Hippo, wani gari a Aljeriya ta yau, ba, ba ta karanta ko ɗaya daga cikin manyan littattafansa da ake karantawa har yau ba. Kuma kada mu mai da ita mala'ika. Ita ce ta nema masa auren gidan manya a Milan, aka sallami uwar ɗansa bayan zaman fiye da shekara goma, ta koma Afirka ba ɗanta. Wannan baiwar Allah ita ma ta yi kuka, ba wanda ya rubuta sunanta. Mai addu'a ma yana iya cuta.

Ni shaida ne. Mahaifina Bamaguje ne, manomi, bai taɓa shiga coci ko masallaci ba. Da na dawo hutun farko daga makarantar Littafi Mai Tsarki, kaina ya kumbura. Muna zaune a kan tabarma da daddare, tuwon dawa da miyar kuka, ya kai loma ta biyu ke nan, na ce, Baba, idan ka mutu yau wuta za ka. A gaban ƙannena. Bai ce uffan ba. Ya mayar da lomar cikin akushi, ya jawo ƙwaryar ruwa ya wanke hannu, ya tashi. Shekara uku bai ƙara cin abinci tare da ni ba. Ni kuwa ina can ina azumi, ina gaya wa 'yan ajinmu ana tsananta mini saboda bishara.

Wata tsohuwa 'yar Zumunta, ba ta iya karatu ba, ita ta warkar da ni. Ta ce, ɗana, kana yi wa tsohon nan addu'a? Na ce kullum, Mama. Ta ce, bana wa ya yi masa noman farko? Na yi shiru. Ta ce, to Allah ya ji naka, saura shi tsohon ya gani. Damina ta gaba na ɗauki fartanya. Ban yi wa'azi ba, kunya ma ba za ta bar ni ba. Ranar da muka gama huɗa, ya turo ƙanena ya ce in zo mu ci.

Za ku so in ce ya tuba. Ban sani ba. A ciwon ajalinsa ya ce in yi masa irin roƙon nan namu, na yi, ya ce amin. Iyakar abin da nake da shi ke nan, kuma na daina ƙara masa gishiri. Bulus ya tambaya a 1 Korintiyawa 7:16, ke mace, ina kika sani ko za ki ceci mijinki? Ba a ba mu takardar alkawari da kwanan wata ba. A Ayyukan Manzanni 16:14 Ubangiji ne ya buɗe zuciyar Lidiya, Bulus magana kawai ya yi. Mabuɗin ba a hannunmu yake ba, shi ya sa muke roƙo. Da a hannunmu yake, da gardama ta ishe mu.

Saboda haka idan kin durƙusa, ki kira sunansa, sunan da kike kiransa da shi a gida. Ki roƙa masa abin da shi ma zai ce amin a kai: lafiya, albarkar gona, kuɗin makarantar yara. Ki roƙa masa nasa Ambros, domin sau da yawa ba daga bakinki zai ji ba, kin yi masa kusa da yawa, ya san ranar da kika zagi kishiya ko maƙwabciya. Sa'an nan ki roƙa wa kanki linzami. Kolosiyawa 4:6 ta ce maganarmu ta zama da daɗin ji, kamar an sa mata gishiri. Wasunmu barkono muke zubawa. In kuma an tambaye ki dalilin begenki, ki faɗa, kada ki ɓoye, amma da ladabi. Kada ki sa addu'a ta zama gulma: a tashi a taron mata a zayyana asirin miji kaf, wai abin addu'a ne, kafin Laraba ya ji a kasuwa. Kuma ki je suna, ki je biki, ki je gaisuwar mutuwa, ki aika da abincin Kirsimeti, ki karɓi na Salla da hannu biyu. Zumunci a ƙafa yake. Monika sai da ta mayar da ɗanta kan tabarmar cin abinci.

Mama shugaba ta kalli agogo sau biyu, na gani.

Ina da wa, uba ɗaya muke. Ya musulunta tun muna samari, yau ya yi aikin hajji, jikokinsa sun fi nawa yawa. Shekara arba'in da wani abu ina kiran sunansa kowace asuba. Na kuma tabbata shi ma yana kiran nawa, domin duk ranar da na je gaishe shi, in zan tafi sai ya riƙe hannuna ya ce, Fasto, Allah ya shirye ka. Ni kuwa in ce, amin, Yaya, Allah ya shirye mu. Asabar mai zuwa zai aurar da autarsa, ni ne zan karɓi baƙi a zaure.

An raba muku 'yan takardu a ƙofa. Kowace ta rubuta suna ɗaya, ta ninke, kada ta nuna wa ta kusa da ita. Wadda ba ta iya rubutu ba ta riƙe takardar haka nan, ta faɗi sunan a zuci. Mu tashi tsaye.