Amsoshin Tambayoyinku: Duniyar wane tsohon gem za mu ɗauka?

Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da warhaka. Filin Amsoshin Tambayoyinku ke nan daga Maradi. Saƙonnin wannan mako kusan duk a kan magana ɗaya suke, domin ƴan wata fada ta samari a unguwar Ali Ɗan Sofo sun yi gardama, gardamar ta tsallaka wasu unguwanni, kowa ya ɗauki waya ya rubuto.

Shugaban fadar ne ya fara. Ya ce su ashirin da uku ne a gurup ɗinsu na WhatsApp, wasu na nan gari, wasu karatu ya kai su Yamai, wasu neman kuɗi ya kai su Kano da Agadas. Suna son su fara wasan labari, kowa ya ɗauki mutum ɗaya ya riƙa rubuta abin da mutumin ke yi da abin da yake faɗa. Sun yarda a ɗauko duniyar wani gem, wato wasan bidiyo, da suka buga suna yara, amma an rabu huɗu: Mortal Kombat, Mario, Zelda da Final Fantasy na bakwai. Ya ce in raba musu gardama.

Kafin nan, saboda iyayenmu da ke saurare, wannan abu wasan kwaikwayo ne da ake yi a rubuce, babu takardar da aka tsara tun farko. Mutum ɗaya ke riƙe da labari, shi ke faɗin inda ake da abin da ya faru, sauran su amsa da bakin mutanen da suka ɗauka. Ba yau aka fara ba. A 1974 aka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka, ana buga shi a kan tebur da takarda da ludo. A 1978 kuma ɗalibai a jami'ar Essex ta Ingila suka fara wani mai suna MUD a kwamfuta, rubutu zalla, ko hoto ɗaya babu.

To ƙanena, na san abin da ke jan ku zuwa Mortal Kombat. Duk wanda ya taɓa zama a benci a gidan gem, talabijin na kan tebur, manet, abin dannawar da ake riƙewa a hannu, an ɗaure ta da salatif, yara goma na tsaye a bayansa suna ihu a gama da shi, ba zai manta ba. Amma ku tambayi kanku ina daɗin yake. A yatsu yake. Mutum biyu ne a fili, wanda ya fi sauri ya ci, na'ura ce alƙali. A gurup babu na'urar da za ta raba ku. Wannan zai rubuta ya kai naushi, wancan ya rubuta ya kauce, na farko ya ce ai ba a kauce wa irin wannan, kafin sallar isha'i an fara zagin juna da gaske. Sauran mutum ashirin da ɗaya kuma me suke yi? Kallo. Mario ma haka. A na 1985 aikin guda ne, a ruga daga hagu zuwa dama a ceto gimbiya. Gem ne mai kyau ƙwarai, sai dai babu wurin zama a cikinsa.

Ga yadda nake auna kowace duniya. Cire jarumin, ka ajiye shi gefe, sannan ka duba ko da sauran rai a garin. Wa ke sayar da abinci? Wa ke bin wa bashi? Wa ke tsoron wa? In ka samu amsa, mutum ashirin za su samu abin yi. In garin ya mutu da fitar jarumi, ku bar shi a kaset ɗinsa.

Da wannan ma'auni, cikin huɗun da kuka kawo Final Fantasy na bakwai ne a gaba, da nisa ma. A 1997 ya fito a PlayStation ta farko. Birnin da labarin ya fara ana ce masa Midgar, kamfanin wutar lantarki mai suna Shinra ke mulkinsa, yana zuƙo ƙarfin ƙasa da manyan injuna takwas yana sayar wa mutane. Masu hali suna zaune a kan wani makeken faifai a sama, talakawa na ƙarƙashinsa, ko rana ba sa gani. Akwai sojan kamfani, akwai ƴan tawaye, akwai ƴan kasuwar bayan fage, akwai ma'aikacin da ya san kamfaninsa azzalumi ne amma yana da iyali. Birnin kuma unguwa-unguwa ne masu lamba, gem ɗin bai zagaya da ɗan wasa dukansu ba. Ku ɗauki wadda bai shiga ba, misali ta uku, ku mai da ita taku, babu mai ce muku ba haka take ba.

Ku ji yadda dare ɗaya zai iya kasancewa. Mai riƙe da labari ya rubuta: "An ɗauke wuta a unguwa ta uku yau kwana biyu, motar sojan kamfani ta tsaya a bakin kasuwa." Mai gyaran babur ya amsa: "Na ja ƙyauren gareji rabi, na tura jarkar man da na saya a ɓoye ƙarƙashin taya." Mai tuwo ta ce: "Na zuba wa sojan farko miya har ta yi yawa, na tambaye shi wa suke nema." Wanda ya ɗauki sojan yanzu dole ya zaɓa, ya faɗa mata ko ya yi shiru, alhali ƙanensa na cikin waɗanda ake nema. Ba a zare takobi ko ɗaya ba, amma duk wanda ke gurup ɗin ba zai kwanta ba sai ya ga amsar sojan.

Masu son Zelda, ban kore ku ba, amma ku zaɓa da kyau. Na farkon, na 1986, daji ne da kogo da tsofaffi ɗaiɗai a cikin ramuka, ko gari babu. Na 1998, Ocarina of Time, shi ne mai ƙabilu da kasuwa da ƙauye, kuma a cikinsa jarumin ya yi barcin shekara bakwai, ya farka ya tarar mugun sarki ya cinye ƙasar. Gem ɗin ya tsallake shekarun nan bakwai. Can za ku shiga, ku nuna yadda mutanen kasuwa suka yi gudun hijira, da wanda ya tsaya, da wanda ya sayar da maƙwabcinsa.

Saƙo na biyu daga wata ɗaliba ce a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Ta ce a nasu gurup ɗin maza biyar kowa ya ce shi ne Cloud, jarumin Final Fantasy na bakwai, ita kuma aka ce ta zama wadda za a sace a je ceto. Ta ce ta fita ko ta zauna?

Ƙanwata, kada ki fita tukuna, ki kai musu doka ɗaya: ba wanda zai ɗauki mutumin da ke cikin gem ɗin asali. Jaruman nan a bar su a matsayin labarin da ake ji daga nesa, a ce an ga wani mai ƙaton takobi a tashar jirgin ƙasa, shi ke nan. Kowa ya ƙirƙiro nasa, da sana'arsa, da abin da yake so, da wani rauni guda da bai son a sani. Wanda ya ce mutuminsa ba shi da rauni, a ba shi bashi. Game da sace ki kuwa, ki tuna musu da Metroid na 1986, wanda yara suka sha wahala suka kai ƙarshe sannan suka gane mai sulken nan da suke ta harbi da shi mace ce, Samus. Ki ɗauki mai kantin da kowa ke cin bashi a wurinta, ki ga wa zai iya motsi ba da ke ba.

Kin kuma tambayi yadda za a raba gardamar faɗa. A Telegram in aka aika alamar ɗan ludo, da kansa yake juyawa ya tsaya a lamba tsakanin ɗaya da shida, kowa na gani, ba mai iya murɗe shi. Ku yarda tun farko, huɗu zuwa shida an yi nasara, ƙasa da haka an faɗi, mai labari ya faɗi yadda faɗuwar ta kasance. Masu WhatsApp sai mai labari ya jefa ludon gaske ya ɗauki hoto, in kun amince da shi. In ba ku amince da shi ba, matsalarku ta wuce ta ludo.

Wani dattijo daga Tsibiri ya sa ɗansa ya rubuto masa. Ya ce yana jin yara na maganar tsafi da dodanni da wasu alloli a cikin waɗannan wasanni, kuma yaron nasa na kai wa tsakar dare a kan waya.

Baba, Allah ya ƙara girma, damuwarka na kan hanya. Ko a ƙasar da aka yi Mortal Kombat iyaye sun tayar da jijiyar wuya a kan jinin da ke cikinsa, har majalisar dattawan Amurka ta zauna a kansa a 1993, a 1994 aka kafa hukumar da ke rubuta shekarun da suka dace a jikin kowane gem. Hukuncin addini na malamai ne, a kai musu. Abin da zan ƙara shi ne, wasan rubutu ya fi na na'ura sauƙin gyara, domin abin da yaran suka rubuta shi kaɗai ne ke akwai. In sun yarda babu tsafi babu bautar wani abu, to babu. Ka ce ya karanta maka na dare ɗaya da ƙarfi, za ka gane irin abokan da yake tare da su fiye da yadda tambaya za ta nuna maka. Maganar dare kuma a sa lokaci, a buɗe bayan isha'i a rufe ƙarfe goma, mai gurup ya kulle aika saƙo har gobe.

Daga Tasawa wani ya ce su ba su san Zelda ba, ƙwallo kawai suka buga a PlayStation 2, kuma forfen intanet na cin kuɗi, rezon waya na yankewa. Ɗan'uwa, kuna da duniya ba ku sani ba. Ka tuna Master League na Pro Evolution Soccer, inda ake ba ka tarkacen ƴan wasan ƙirƙira, su Castolo da Minanda, a ce ka hau da su daga ƙaramin rukuni? Ku kafa irin wannan kulob ɗin. Wani koci, wani mai kulob da bai biya albashi ba, wani dillalin ƴan wasa, wani ɗan jarida mai baki, wani gola da ake zargin ya karɓi kuɗi. Ludo ya ba da sakamakon wasa ranar Lahadi, sauran kwanakin a sha rigima. Rubutu bai cin forfe kamar hoto da murya, don haka ku hana bidiyo, ku rage saƙon murya. Wanda rezo ya yanke masa a jira shi yini guda, in bai dawo ba mai labari ya ce mutuminsa ya ji rauni a atisaye. Harshe kuma ku yi da wanda kuke hira da shi, Hausa ce da ɗan Faransanci a ciki, kada a tilasta wa kowa Turanci don gem ɗin da Turanci ya zo.

Na ƙarshe daga wani malamin lakwal ne a Madarunfa, kuma shi ya fi burge ni. Ya ce me ya sa sai duniyar Japan da Amurka, mu ba mu da tamu?

Malam, muna da ita, har wasu sun riga mu gani. Age of Empires II na 1999 an ƙara masa daulolin Afirka a 2015, ciki har da Mali da Habasha. A Kamaru kamfanin Kiro'o Games ya fitar da Aurion a 2016. Abin da tsofaffin gem suka iya shi ne tsari: gari, hanya mai haɗari, gari na gaba, kuɗi kaɗan, kaya masu nauyi, ƙungiyar da kowa ke da aikinsa. Ɗauki wannan tsari ka ɗora wa ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Madugu na nan, jagaba na gaba yana duba hanya, uban dawaki na riƙe da nasa aikin, ga masu jakai, ga mai masauki a kowane zango, ga sarkin da sai an biya shi fito kafin a wuce, ga ƴan fashi a daji. Ko ka tsaya a gida, ka ɗauki fada mai irin sarautun Katsinar Maradi, Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durbi, ga Iya a nata ɓangaren, a ce sarki ya rasu ana neman magaji. Ɗalibanka za su yi wata guda suna ƙulle-ƙulle.

Sai dai ka canza sunan garin, ka ƙirƙiro sunayen mutanen. Kada a sa sunan sarkin da ya taɓa mulki ko gidan da aka sani, domin jikokinsu na nan Maradawa da Tsibiri, wani ma yana cikin ajinka, kuma ranar da ludo ya ce kakansa ya gudu daga fagen yaƙi ba zai ɗauka wasa ba ne. A daren farko kada ka yi musu dogon tarihi. Ka ce ayari ya sauka a zango, an wayi gari jaki ɗaya ya ɓata da buhun kanwa biyu, madugu ya ce ba mai tashi sai an gano. Ka tambayi kowa inda ya kwana.

Lokaci ya cimmana. Masu tambaya a kan Pokémon, da wanda ya tambayi ko za a iya karɓar kuɗin shiga gurup, mun ajiye saƙonninku sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.