Gonar da ba a girbe ta: yadda mafarautan Amurka ke yi wa barewa shuka

Assalamu alaikum, masu kallo. Ku dubi wannan filin da kyau. Tsohuwar gona ce irin wadda ake samu a jihohin Alabama, Jojiya ko Mishigan, an bar ta saura shekara da shekaru har ƙaya da ƙananan itatuwa suka cinye ta. Mai ita zai shiga da zarto mai inji da tarakta, ya yi sassabe, ya zuba taki, ya watsa iri, amma ko tiya ɗaya ba zai kai rumbu ba. Barewa yake yi wa noman, don ta ci ta ƙoshi, ta saba da wurin, in lokacin farauta ya yi ya same ta a kusa.

Barewar da ake magana ita ce mai farar wutsiya. Ba irin tamu ba ce. Namijinta ƙahonsa rassa ne da shi kamar itace, kuma duk shekara yakan zubar da shi cikin hunturu, wani sabo ya tsiro. A farkon shekarun 1900 harbi ba ƙa'ida ya kusa ƙarar da ita, abin da ya rage a Amurka bai wuce rabin miliyan ba. A 1937 aka kafa dokar Pittman-Robertson, wadda ta sa harajin bindiga da harsashi yake tafiya wajen raya namun daji. Yau ana ƙiyasta barewar ta kai kusan miliyan 30. Noma mata abinci kuwa ya bunƙasa ne daga wajen 1988, shekarar da wani mai suna Ray Scott ya kafa kamfanin Whitetail Institute a Alabama, yana sayar da irin da aka tanada musamman don ita.

To, a koma filin. Sabon shiga in ya hau inji, zuciyarsa ba ta kwanciya sai ya ga wurin ya yi fes kamar filin ƙwallo. A nan yake cutar kansa. Sarƙaƙiyar da yake gani kamar ƙazanta, ita ce ɗakin kwanan barewa, a ciki take ɓoye 'ya'yanta da take haifa wajen watan Mayu da Yuni. Ita ce kuma tukunyarta, domin barewa ba kamar saniya take kiwo ba, tsinke take yi: toho nan, ɗanyen ganye can, 'ya'yan itace gaba. Wanda ya share duka ya kori baƙuwar da yake yi wa girki. Ni a ganina wannan shi ne kuskure mafi tsada a harkar, don kurmin da aka ture cikin wuni ɗaya sai ya ɗauki shekaru kafin ya dawo.

Masu sanin aikin ɗan wuri suke buɗewa, rubu'in eka zuwa rabin eka, a gefen maɓoyar. Suna barin manyan itatuwan da ake kira oak da Turanci, saboda 'ya'yansu barewa ba ta haɗa su da komai a lokacin kaka. Abin da suke sarewa shi ne duk abin da ya tare rana. In hasken da ke sauka a ƙasa bai kai awa 4 zuwa 6 a wuni ba, ko nawa aka kashe a kan iri, asara ce.

Daga nan sai ƙasa, kuma a nan ne haƙuri ke ƙarewa mutane. Ƙasar da ta daɗe a ƙarƙashin itatuwa, musamman a gabashin Amurka inda ruwan sama ke da yawa, takan yi tsami. Ana ɗibar ta daga wurare daban-daban a filin, a cakuɗa, a aika ɗakin gwaji. Ma'aunin tsamin da ake so tsakanin 6 da 7 ne. In ya sauka zuwa 5, tsami ya yi yawa ke nan, takin da aka zuba yawancinsa zama zai yi a ƙasa, saiwa ba ta iya ɗaukarsa. Maganinsa niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa, wani lokaci tan ɗaya ko biyu a eka, kuma yana ɗaukar watanni kafin ya yi aiki. Shi ya sa wanda zai yi shuka a Satumba, tun farkon bazara yake watsa shi.

Sauran aikin duk manomi ya san shi. A sassabe ciyawa, a jira ta sake toho, a yi mata feshi, bayan kamar mako biyu a bi da garma, a daddale ƙasar.

Sai iri. Akwai kuloba, wata ciyawa ce mai yaɗo a ƙasa, 'yar uwar wake, in ta kama takan yi shekaru tana tsirowa. Ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, in aka binne ta fiye da rabin santimita ba za ta fito ba. Akwai alkama da hatsin ots, masu jure sanyi. Akwai tanip da radish, masu saiwa kamar karas, waɗanda barewa ke ƙara so bayan sanyi ya daskarar da raɓa, har ta riƙa tono su a cikin dusar ƙanƙara.

Ga kuma abin da ya fi burge ni. A kudancin Amurka, abin da suke shuka mata lokacin zafi wake ne, wakenmu na Afirka ta Yamma, wanda Najeriya da Nijar ke kan gaba a duniya wajen noma shi. Ganyensa suke nema, kamar yadda muke tara harawa don tumaki, saboda a lokacin ne uwa ke shayarwa, namiji kuma ƙahonsa ke girma, duk suna buƙatar abinci mai gina jiki. Dawa ma tana nan. Sukan shuka doguwarta a jere a gefen fili ta zama shinge, barewa ta ji ta a ɓoye, shi ma maharbin ya wuce ba ta gan shi ba.

Ganin ma ba shi ne babbar matsala ba, hancinta ne. Maharbi yakan ɗaura ɗan dandamali a kan itace, amma kafin ya zaɓi itacen sai ya san inda iska ta saba kaɗawa. In ta kwashi warinsa ta kai maɓoyar, babban namiji zai daina fitowa da rana, sai dare ya raba.

Akwai kuma doka. Jihohi da dama sun hana zuba tulin masara don jan barewa, alhali sun yarda da shuka. Ɗaya daga cikin dalilan wata cuta ce mai cin ƙwaƙwalwar barewa tana ramar da ita har ta mutu, wadda aka fara gano ta a Kolorado a 1967. Tana yaɗuwa ta miyau da fitsari, don haka tuli ɗaya da bakuna da yawa ke shiga ya fi haɗari a kan fili mai faɗi. Lasisi, lokacin harbi da adadin da aka yarda mutum ya ɗauka, kowace jiha da nata tsarin.

Yanzu ku dubi wannan ɗan kejin waya da aka kafa a tsakiyar gonar. Barewa ba ta iya sa baki a ciki. In shukar ciki ta kai gwiwa, ta waje kuwa ta ƙare ƙarƙaf, ƙasa ta yi aikinta, bakuna ne suka fi ƙarfin filin, sai a faɗaɗa shi ko a rage yawan matan da ke cikin garken a lokacin farauta. In kuwa ciki da waje duk sun tsumbure, mai gonar zai sake ɗibar ƙasa ya aika gwaji.