Abin da Ke Sa Iyaye Su Koma Shagon Kayan Wasa Ɗaya

Assalamu alaikum masu kallo. Mai sayar da kayan wasan yara kwastoma biyu gare shi a ciniki ɗaya: uban da ya ciro kuɗi, da yaron da zai yi wasan. In motar batir ta mutu tun kafin a gama yawon Sallah, yaro zai yi kukansa ya manta. Uban ne ba ya mantawa, kuma shi ke riƙe da aljihu.

Ku dubi kamfanin LEGO na ƙasar Denmak. Wani kafinta ne, Ole Kirk Christiansen, ya kafa shi a garin Billund a 1932, yana sassaƙa kayan wasa da katako. A 1958 suka yi rajistar ɗan bulon roban nan da ake harhaɗawa, kuma har gobe bulon wancan lokacin yana shiga na bana daram. Kwali guda kan zo da ɗaruruwan gutsattsari, wani har dubbai. To idan guntu ɗaya bai zo ba fa? Sai ka shiga shafinsu na intanet, ka sa lambar kwalin, ka nuna wanda babu, su aiko maka kyauta. Sau da yawa kuɗin aikawar ma ya fi na guntun. A takarda asara ce, amma uban da aka yi wa haka, baɗi ba sai an roƙe shi ba.

Akwai kuma ranar da kaya ke zuwa da matsala babba. A 2007 kamfanin Mattel na Amurka ya janye miliyoyin kayan wasa daga kasuwa, wasu saboda fentinsu na ɗauke da dalma. Mu a Zamfara ba sai an yi mana bayanin dalma ba. A 2010 gubarta ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Kamfanin da ya fito ya ce a dawo da kayansa ya sha kunya, amma gara hakan da ya yi gum.

Yanzu mu shigo kasuwar Gusau. Ga mai shago, mace ta zaɓi mota mai rimot. Bai miƙa mata a kwali ba. Ya buɗe, ya sa batir, ya tuƙa ta a kan tebur gaba da baya. Ya tambaya: "Hajiya, shekarun yaron nawa?" Ta ce biyu. Ya ce: "To wannan tayoyinta na cirewa, zai iya kai wa baki. Ga wata mai arha da ta fi dacewa da shi." Ribar yau ta ragu, amma Hajiya ta karɓi lambarsa, kuma gobe a gidan suna za ta faɗa wa mata goma.

Maƙwabcinsa kuwa ya manna takarda: kayan da ya fita ba ya dawowa. A ganina wannan takardar ta fi tsadar kaya korar mutane. Ba a ce a karɓi abin da yaro ya taka ya fasa ba. Amma a ba da kwana biyu ko uku na gwaji, a ajiye 'yan tayoyi da murfin batir na canji a ƙarƙashin kanta, kuma in an kira waya a ɗauka.