Darasi: Yadda ake sa muƙala a rukuninta a Wikipedia ta Hausa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau aikinmu a kan rukuni ne, wato yadda za ka ajiye muƙalar da ka rubuta a inda mai nema zai same ta. Sabbin editoci da yawa sukan rubuta muƙala mai kyau, su sa manazarta, su danna wallafa, shi ke nan sai su tafi. Muƙalar tana nan, amma ba ta cikin layin kowa. Kamar mai tumatir ne ya kasa kayansa a layin 'yan yadi, wanda ya fito cefane ba zai bi ta nan ba.

To ku dubi allona. Na buɗe muƙalar Malam Aminu Kano, na gangara can ƙasa, na shiga gyaran tushe, wato wurin gyara da ke nuna ainihin rubutun shafi tare da alamominsa. Rukuni a ƙarshen shafi ake sa shi, bayan manazarta. Ka buɗe baka biyu masu kusurwa, ka rubuta Category, ka sa ɗigo biyu, sai sunan rukunin, sannan ka rufe bakan. Kowane rukuni da layinsa. An haifi Malam a 1920, ya rasu a 1983, don haka zai shiga rukunin waɗanda aka haifa a 1920 da na waɗanda suka rasu a 1983. Ɗan siyasa ne, jagoran jam'iyyar NEPU sannan PRP, malamin makaranta ne kuma, duk waɗannan rukunai ne da suka dace da shi. Abin da ba za ka yi ba shi ne sa shi cikin rayayyun mutane. Wannan rukunin yana da nauyi, don da shi ake sa ido a kan abin da ake rubutawa game da masu rai. Idan wani ya rasu kuma ka zo sabunta muƙalarsa, cire shi daga nan tun kafin ka taɓa komai.

Yanzu ga inda nake so ku natsu sosai. Bayan ka wallafa, dubi launin sunan rukunin. Shuɗi na nufin akwai shi. Ja na nufin ba a ƙirƙiri shafinsa ba. Da ka ga ja, dakata, kada ka yi saurin ƙirƙira. Sau da yawa rukunin yana nan, rubutunka ne ya bambanta. Manhajar ba ta san cewa "Ƴan siyasa" da ƴ mai lanƙwasa, da "'Yan siyasa" mai alama a gaba, da "Yan siyasa" zalla duk abu ɗaya ne ba. A wurinta rukunai uku ne daban. Haka "ƙasa" da "kasa". Hatta babban baƙi da ƙarami, in ban da harafin farko, tana bambance su: "Rayayyun mutane" daban, "Rayayyun Mutane" daban. Wallahi wannan abu yana damuna, domin mutum ɗaya ya yi gaggawa, sai a raba 'yan gida ɗaya gida uku, mai karatu ya buɗe rukuni ya tarar da sunaye biyar ya ɗauka iyakar abin da muke da shi ke nan. Maganinsa mai sauƙi ne: buɗe muƙalar wani makamancin wanda kake rubutu a kansa, misali Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ka ga rukunan da aka sa masa, ka kwafi sunan yadda yake.

Sai batun zaɓar rukuni mafi kusa. Najeriya tana da ƙananan hukumomi 774, Jihar Kano kaɗai tana da 44. In kana rubutu a kan Dala ko Gwale, sa su a ƙananan hukumomin Jihar Kano. Shi wannan rukunin ne zai zauna ƙarƙashin na jihar, na jihar kuma ƙarƙashin na ƙasa. In kowa ya zuba komai a rukunin Najeriya kai tsaye, shafin rukuni sunaye 200 yake nunawa a lokaci guda, wa zai yi ta danna "na gaba"?

Ku kula da tarihi ma. Haɗeja da Dutse da Gumel suna Jigawa tun da aka cire ta daga Kano a 1991, don haka kada a sa su a rukunin Jihar Kano. Sannan Nijar ƙasa ce, Neja jiha ce: Maraɗi da Damagaram can, Minna da Bida da Kwantagora nan.

Wanda ke aiki da kwamfuta zai iya amfani da HotCat, ƙaramin kayan aiki ne da ke nuno sunayen rukunan da ke akwai da zarar ka fara rubutawa, yana rage wannan kuskuren ƙwarai.

Aikin gida: kowa ya koma kan muƙaloli uku da ya rubuta, ya gangara ƙasa, ya gyara duk jan rukunin da ya gani. A darasi na gaba za mu ƙirƙiri sabon rukuni tare, mu ɗora shi ƙarƙashin uwarsa. Sai mun haɗu, ku huta lafiya.