Lacca kan ciwon fuka a Agege: inda maganin yake tsayawa

Assalamu alaikum. Iyayena mata da 'yan'uwa, sannunku da ratso cunkoson Agege. Na baya kuna ji na? Madalla. Abu uku na zo da su kan ciwon fuka, wato asma, a jikin yara.

Na farko, inhela, wato abin fesa maganin da ake shaƙa ta baki, iri biyu ce. Akwai shuɗiya irin Ventolin, maganin cikinta salbutamol, tana buɗe hanyar iska cikin 'yan mintuna idan ƙirji ya kama. Akwai ta kullum, galibi mai ruwan ƙasa, ita ke kwantar da kumburin da ke cikin hanyoyin iska, kuma sai an yi kwanaki ko makonni ake ganin aikinta. Shi ya sa uwa kan ce ba ta aiki, ta jefa ta bayan kwanukan jere. Ko kuma da yaro ya samu sauƙi sai ta daina ba shi. Alhali sauƙin daga ita ya zo.

Amma bari in faɗa muku abin da ya fi ci mini rai. Wata baiwar Allah ta kawo mini ɗanta ɗan shekara 6, ta ce magani ya ƙi ci. Na ce, Hajiya, fesa masa in gani. Ta fesa masa kamar mai fesa turare, fis fis, sau biyu a jere. Farin hayaƙin ya fito ta gefen baki, saura ya zauna a harshe. Wata da watanni tana sayen magani, huhu bai samu komai ba! Kuma wallahi ba laifinta ba ne, miƙa mata aka yi ba a nuna mata ba.

Ku dubi wannan robar da ke hannuna. Sifesa ake ce mata. Inhela ta shiga ta nan, bakin yaro ta can. Maganin yana tsayawa a ciki ya jira numfashinsa. A girgiza inhelar tukuna. Yaro ya zauna a miƙe, leɓe ya kama bakin robar gam. A fesa sau ɗaya. Ɗaya, iyayena, ɗaya! Ya ja numfashi a natse sau 5 ko 6. Idan likita ya ce biyu, a dakata kamar rabin minti, a sake girgizawa, a sake fesa ɗaya. Ƙaramin yaro da bai iya kama baki ba, a sa masa mai murfin da ke rufe hanci da baki, kada a bar kafa. Maimaita mini, Hajiya mai jan mayafi, sau nawa? Yauwa, ɗaya. Kin ci jarrabawa.

Wani zai ce tsada. A Afirka ta Kudu likitoci sun gwada gorar ruwa ta roba mai rabin lita, aka huda gindinta daidai bakin inhela, ta kuma yi aiki. Kawo gorar asibiti a nuna miki yadda ake hudawa. Wanki kuwa, ruwan sabulu, a bar ta ta bushe da kanta, kada a goge da tsumma. Bayan ta kullum ɗin nan yaro ya kurkure baki.

Na uku... af, na biyu ko? Abubuwan da ke tayar da ciwon. Kun san su: hayaƙin janareta a bakin taga, maganin sauro na kunnawa, turaren wuta, ƙurar hunturu, kyankyasai. Na'am, Baba, akwai tambaya?

(Wani dattijo: Likita, an ce in yaro ya fara shaƙar abin nan, shi ke nan ya saba, ba ya rabuwa da shi.)

Baba, na gode da ka faɗe ta a fili, don mutane da yawa ita ce a ransu. Inhela ba ta sa sabo. Maganin da ke tafiya kai tsaye huhu kaɗan ne idan aka gwada da na sha. Idan ka ga jikanka yana neman shuɗiyar kusan kullum, ciwon ne bai kwanta ba, a koma wurin likita a duba ta kullum ɗin. In kuwa ka ga ya kasa ƙarasa magana, haƙarƙari na lotsawa, ko ciwon ya ƙi jin shuɗiyar, ko tsakar dare ne a ɗauke shi sai asibiti, ana ba shi shuɗiyar ta sifesa a hanya. Tana aljihunka yanzu? To kawo ta nan gaba, Baba, mu gwada tare.